Barikin Turawa na Argungu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk yaron da ya tashi a Argungu ya ji labarin Kanta da ganuwar Surame, ya ji na Yakubu Nabame da ɗansa Sama. Abin da ba a cika zama a warware ba shi ne labarin barikin da sojan Ingila suka kafa a garin a shekarar 1902, wanda daga cikinsa wani ɓangare na rundunar da ta ci Sakkwato ya fito. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da baƙin bikin kamun kifi suka fi yi mini, na haɗa su wuri ɗaya don kada in riƙa maimaita amsa.

Wane bariki ne wannan, kuma wa ya kafa shi?

Ƙaramin sansani ne na rundunar da Ingila ta kafa a 1897 don tsaron iyakokin da take iƙirari a Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF. Gwamna Lugga ne kwamandanta na farko. A 1902 aka girke wani rukuni nata a Argungu, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Kyaftin Merrick. A lokacin Bida da Kwantagora da Yola da Bauci duk sun shiga hannun Turawa, amma Kano da Katsina da Sakkwato da Gwandu suna nan da 'yancinsu. Wato an dasa soja a bayan Sarkin Musulmi, nisan abin da bai fi kilomita 100 ba daga fadarsa, tun kafin a yi shelar yaƙi da shi.

Me ya sa aka zaɓi Argungu?

Don nan ne kaɗai a wannan yanki Bature zai sauke kayansa ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. Dalilin kuwa ya girmi zuwan Turawa da kusan shekara ɗari.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, cikin fadamar Gulbin Kabi, inda doki ba ya sakewa da damina, kuma wanda bai san mashigi ba ruwa ke cinye shi. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan aka yi ta gwabzawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Garuruwa irin su Ambursa an raya su ne a matsayin ribaɗi masu fuskantar Argungu. Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gado a 1883, kuma a farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman, Ɗanyen Kasko, ya zo da kansa da runduna don ya karya Argungu, ya koma bai yi nasara ba.

To ka ga mutumin da ya shekara kusan ashirin yana kwana da sirdi a kan doki, in wani baƙo ya zo da igwa ya ce shi ma abokin gabansa ɗaya da naka, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

To me ya kawo Faransawa cikin maganar?

Su ne ma asalin maganar. Mutane da yawa suna ɗauka don Sakkwato kawai aka kafa barikin, alhali idon Landan ya fi karkata ga Faransa.

A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka amince a ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi. Arewa da layin na Faransa, kudu na Kamfanin Neja na Goldie, da sharaɗin cewa duk abin da yake mallakar daular Sakkwato ne zai faɗa ɓangaren Ingila. Waɗanda suka sa hannu ba su taɓa taka ƙasar ba. Hujjar Ingila ita ce takardun yarjejeniyar da wani wakilin kamfanin, Joseph Thomson, ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885.

A 1891 wani hafsan Faransa, Monteil, ya biyo ta Sayi ya ratsa Argungu ya isa Sakkwato. Ya gani da idonsa cewa Kabi ba ta bin Sarkin Musulmi, yaƙi ma suke yi. Ya kai wannan labari gida, Faransawa suka riƙe shi gam: in Kabi ba ta Sakkwato ba ce, to ba ta Ingila ba ce. A farkon 1898 wani kuma, Kyaftin Cazemajou, ya sauka a Argungu a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, inda aka kashe shi a watan Mayun wannan shekara. Labarin cewa Faransawa sun iso Argungu ya tayar da hankali a Landan ƙwarai, har aka fara maganar yaƙi tsakanin ƙasashen biyu.

Abin dariyar, in abin dariya ne, shi ne yadda Ingila ta yi baki biyu. A teburin shawara a Faris tana rantsuwa cewa Kabi yanki ce ta daular Sakkwato, don haka tata ce. A bakin Gulbin Kabi kuwa hafsoshinta suna zawarcin Sama daidai saboda shi ba na Sakkwato ba ne.

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta kashe wutar. Aka ce iyaka za ta tashi daga Kwara, mil 10 sama da mashigin Ilo, ta bi kwarin da ake kira Dallol Mawri, sannan ta bi wani da'ira da aka zana da nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato. Da abin zana da'ira irin na 'yan makaranta aka yanka ƙasar mutane. Amma layi a takarda daban, layi a ƙasa daban. Sai da aka naɗa hukumar shata iyaka, Kanar Elliot daga ɓangaren Ingila, Kyaftin Moll daga na Faransa. Masu awo suna bukatar masu gadi, suna bukatar wurin ajiye abinci da kayan aiki. Wannan shi ne dalilin da aka bayar a hukumance na girke soja a Argungu.

Shi ne barikin farko a ƙasar da ta zama Jihar Kebbi?

A'a, na bakin Kwara sun riga shi. A 1897 wani hafsan Faransa, Bretonnet, ya kafa sansani a Ilo da Busa, ya ɗaga tutarsu. Ilo tsohon zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma tana cikin wurare na ƙarshe da aka yi ta ja-in-ja a kansu kafin a sa hannu a 1898. Daga ƙarshe Ingila ta samu Ilo da Busa, Faransa ta tafi da Nikki. Da Faransawa suka kwashe, sojan WAFF suka maye gurbinsu. An kuma ajiye wasu a Yalwa ta ƙasar Yawuri.

Na Yalwa ma an zubar da jini. A watan Oktoba na 1898 wani Laftanar Keating ya je wani tsibiri cikin Kwara da 'yan sojansa neman jiragen ruwa, mutanen tsibirin suka ƙi, rikici ya tashi, aka kashe shi tare da mutanensa. Turawa suka dawo da ramuwa mai tsanani. Duk mai cewa mutanen wannan yanki sun karɓi Bature hannu bibbiyu ya tuna da Gungawa, mutanen waɗannan tsibirai.

Duk Turawa ne a cikin barikin?

Ko kusa. A irin waɗannan sansanoni fararen fata ba su cika wuce 'yan ƙalilan ba: kyaftin, laftanar ɗaya ko biyu, wataƙila da saje Bature. Sauran duk baƙaƙe ne, mafi yawa masu jin Hausa da Yarabawa. Da yawansu bayi ne da suka gudo, ko waɗanda yaƙe-yaƙe suka raba da garuruwansu, waɗanda ba su ga abin da tsohon tsari ya tsinana musu ba. Jar dara a ka, kaki a jiki, ƙafa ba takalmi. Da Hausa ake ba su umarni, irin Hausar nan mai karyayyen ƙugu da ta zama Barikanci, wadda ba ruwanta da bambancin namiji da mace.

Ginin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Katangar ƙasa ko shingen ƙaya, rami kewaye, bukkoki na ciyawa a jere, filin fareti, sandar tuta, da wurin da aka girke bindiga mai ruwa tana kallon hanya. Ana kiranta mai ruwa ne don ruwa ake zuba mata a wani kwano da ya naɗe bakinta don kada ta yi zafi. Ita ce ta canza lissafin yaƙi a ƙasar nan. Barde mai sulke da lifidi, wanda da shi kaɗai yana tarwatsa dakaru ashirin, ya zama abin da yaro ɗan shekara sha takwas zai kayar daga nesa yana durƙushe.

Sai kuma waɗanda tarihi ba ya ƙirgawa: 'yan dako. Babu mota, babu jirgin ƙasa. Harsashi da igwa da akwatin abincin Bature duk a kan mutum suke tafiya, kuma sau da yawa masu ɗaukar kayan sun fi masu bindiga yawa. Gero da itace da ciyawar doki kuwa daga ƙauyukan kewaye suke fitowa. Kakata ta wajen uwa, wadda ta ji daga tata kakar, ba ta san sunan ko Bature ɗaya ba, amma ta riƙe abu guda: ƙarar begila da asuba. Takan ce da an busa, mata su hau ɓoye kaji, don sun san masu jar hula sun tashi.

Wace rawa barikin ya taka a yaƙin 1903?

Ya zama hannu na biyu na almakashi. Ɗanyen Kasko ya rasu a watan Oktoba na 1902, Attahiru ɗan Ahmadu ya gaje shi. A wannan watan ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Lugga ya samu dalilin da yake nema. Kanar Morland ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, sannan runduna ta miƙo yamma ta ƙasar Zamfara. A Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairu, wani ƙaramin rukunin sojan doki ƙarƙashin Laftanar Wright ya yi karo da Kanawan da ke dawowa daga Sakkwato, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a wurin. Rundunar ta bi ta Kauran Namoda, ta karkato kudu da Sakkwato, a Shagari ta haɗu da Merrick da mutanensa da suka taso daga Argungu.

Ka duba taswira ka ga abin da wannan ke nufi. Gwandu ba za ta iya kai wa Sakkwato ɗauki ba alhali ga soja zaune a Argungu, ga kuma Kabawa a shirye. Hanyar yamma ta toshe. Ran 15 ga Maris aka kara a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sojan Turawa ba su cika 700 ba, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, kuma kafin rana ta take an gama. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a na ta bin sa gari bayan gari, har aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli. Lugga ya naɗa Attahiru na biyu ran 21 ga Maris, aka bar Manjo Burdon a matsayin Razdan.

Wato Sama ya ci amanar 'yan'uwansa Musulmi ke nan?

Wannan tambaya ba ta taɓa ƙarewa lafiya a majalisa ba, musamman in akwai Basakkwace da Bakabe a tabarma ɗaya. Ga yadda nake gani.

Amana tana shiga ne tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Kakan Sama a hannun rundunar Sakkwato da Gwandu ya mutu, ubansa ya yi zaman tsare a Sakkwato kafin ya tayar, kuma a fagen fama ya ƙare. Babu wani alkawari tsakaninsa da Sarkin Musulmi da za a ce ya karya. Auna shi da ma'aunin kishin ƙasa na bayan 1960 rashin adalci ne, don ƙasar da ake cewa ya ci amanarta ba a haife ta ba tukuna.

Amma ban yarda da masu cewa hangen nesa ne tsantsa ba. Sama ya ga abokin yaƙi, irin Zabarmawa da Arawa da ya saba ƙawance da su, waɗanda in an gama a raba ganima kowa ya koma gida. Wannan baƙon bai zo da niyyar komawa ba. Ya zo da haraji, da kotu, da ikon naɗawa da tuɓewa. Zarmakwai, sarkin Zabarmawan Dosso, ma haka ya yi da Faransawa a 1898, ya buɗe musu ƙofa don ya ƙarfafa kansa. Tsoffin abokan ƙawance biyu, kowa ya kama Baturensa, sai suka farka suka ga iyaka ta ratsa tsakaninsu.

Me Kabi ta samu, me ta rasa?

Ta samu abin da ta yi shekara ɗari tana yaƙi a kansa: Argungu ta tsaya masarauta mai kanta, ba a ƙarƙashin Gwandu ko Sakkwato ba. Sama ya ci gaba da sarauta har 1915.

Asarar kuwa ta zo ta inda ba a zata ba. Da'irar mil 100 ta jefa Faransawa cikin matsala, don hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, ayarinsu na wahala da ƙishirwa. Suka yi ta ƙorafi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta yarda ta ja iyakar kudu, aka ƙarasa daidaitawa a 1906. Da haka Dogon Dutsi da Matankari da Birnin Ƙonni, waɗanda da suna cikin da'irar, suka koma hannun Faransa. Ƙasar Arewa ta rabu biyu, har gobe akwai Arawa a Kangiwa, akwai Arawa a Dogon Dutsi, dangi ɗaya tuta biyu.

Me Ingila ta karɓa a madadi? Cikin abubuwan da Faransa ta saki har da haƙƙinta na shanya kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada. Duk lokacin da na tsaya a Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, ina kallon dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora, sai in tuna cewa wani yanki na ƙasar ƙawayen Kabi a kan maganar kifi aka musanya shi, kifin wani teku da babu Basarken da ya taɓa jefa taru a ciki.

Daga 1906 zuwa 1908 wata hukumar, ta Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, ta bi layin daga Kwara har Cadi tana kafa turaka 148.

Bayan an ci Sakkwato, me ya faru da barikin?

Amfaninsa ya ragu nan da nan. Ƙarfin soja ya koma Sakkwato, harkar mulkin yammacin lardin kuma ta karkata Birnin Kabi. Abin da ya girgiza Turawa bayan nan shi ne tawayen da ya ɓarke a Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, ba daga iyaka ya fito ba, ko da yake iyakar na da hannu. Ɗan Makaho, ɗaya daga jagororin tawayen, daga ɓangaren Faransa ya tsallako bayan an murƙushe irin wannan bore a ƙasar Zabarma. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru da gatari da fartanya suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Laftanar Blackwood, tare da sojoji sama da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris aka shafe garin daga doron ƙasa. Aka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da goyon baya aka tuɓe shi, aka naɗa Haliru, fadar Gwandu ta zauna a Birnin Kabi.

Iyakar ta sake zama fagen yaƙi a yaƙe-yaƙen duniya?

Sau biyu ta yi zafi, ta fuska biyu masu saɓani. A ƙarshen 1916 Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da Abzinawansa, sai ga sojan Nijeriya sun tsallaka iyaka a farkon 1917 don taimaka wa Faransawan da aka taɓa girke soja don tsoronsu. A 1940 kuma, da Jamus ta ci Faransa, hukumar Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, Cadi ta bi Janar de Gaulle da ke ɓangaren Ingila. Daga nan har Nuwamban 1942 Ingila na kallon maƙwabciyarta ta arewa da ido ɗaya a buɗe, ana sa ido kan masu shige da fice, fatake na shan tambayoyi. Ba a kai ga gwabzawa a nan ba. Samarin da aka ɗiba soja daga waɗannan garuruwa can ƙasar Bama (Burma) ta Asiya aka kai da yawansu, cikin runduna ta 81 da ta 82.

Me mutum zai gani yau in ya zo?

Bukkar ciyawa da katangar ƙasa ba sa jure damina ɗari da ashirin. Wanda ke son ya taɓa zamanin da hannunsa ya shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda makaman yaƙi da tambura suke, kuma inda kaburburan sarakunan Kabi suke. Gaba tsakanin Argungu da Sakkwato kuwa an binne ta a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka shirya masa kamun kifin da ya zama bikin da duniya ta sani.

Sauran abin da barikin ya bari sai ka je Kamba ko Dole Kaina. Na taɓa raka wani kawuna ɗaurin aure wani ƙauye a tsallake, a lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu ya bar titi ya kutsa cikin gonakin gero, aljihunsa na dama naira, na hagu sefa. Can sai ya rage gudu ya nuna mana wani guntun turke na siminti a gindin kalgo, an ɗaure akuya a jikinsa. Ya ce, "Baba, nan Nijeriya ta ƙare."

Kawu ya leƙa ya dubi turken, ya dubi akuyar, ya ce, "Wagga akuya fa, ta wace ƙasa ce?"

Yaron ya ce ta mai gonar ce, kuma gonar ta kama ɓangaren biyu. Ya ja babur muka wuce, don an ce ƙarfe biyu za a shafa fatiha.